Karan Awon Baba Gado

Ku da kuke zuwa shagona da waya a hannu, kuna nuna mini hoton kujera kuna cewa ai wannan ba wuya, wata ɗaya ya ishe ku koyo, ku zauna a kan bencin nan tukuna. Kafinta ba buga ƙusa ba ne kawai. Aikin yana cikin ido da haƙuri, da kuma sanin mutanen da suka kawo maka aikin. Wannan na ƙarshen ban gama koyonsa ba har yau da furfura ta cinye mini kai.

Aikina na farko a wurin maigidana, wani Bayarabe da muke kira Oga Lasisi, shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi. Na zo Bagudo daga ƙasar Zuru ina saurayi, ina ganin da isowata za a miƙa mini zarto. Sai aka miƙo mini gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi da wata guduma mai karyayyiyar ƙota. Damina guda cur ina wannan, sannan aka ƙara mini girma aka ba ni sanfefa in riƙa goge katako. Oga Lasisi ba ya duka, amma gara ya dake ka da ya buɗe baki. In ka yanka katako ya karkace, sai ya ɗaga shi sama ya kira masu wucewa su zo su ga hanyar Kaoje da damina. Shi ya koya mini in shinshina katako kafin in saya. Ɗanyen maɗaci zai yi maka kyau a shago, ka goge shi yana sheƙi, sai ya kwana biyu a ɗakin mai shi ya tsage tun daga sama har ƙasa, a dawo maka da shi a gaban jama'a.

Benci shi ne abincinmu a garin nan. Kun dai sani, gari ne na Musulmi, manoma da 'yan kasuwa, kuma ba ni da abin da zan ce da su sai godiya, don rabin ƙofofin gidajensu ni na yi. Mu masu bin Yesu baƙi ne, yawanci mutanen kudu, masu kemis da masu kayan babur da malaman makaranta, sai mu 'yan kaɗan da muka tashi da Hausa a baki. Lokacin da na zo, rumfa ɗaya muke sujada a cikinta, ana wa'azi ana fassarawa, kowa na gumi kusa da ɗan'uwansa. Daga baya aka fara rabuwa. Wannan ya ce waƙar ta yi sanyi, wancan ya ce gangar ta yi yawa, wani ya ce an yi masa wahayi. Duk rigimar da aka yi a coci, washegari sai ga mutum a shagona yana son benci. Na taɓa yi wa wani fasto mumbari, fenti bai gama bushewa ba mataimakinsa ya sulalo da yamma yana son nasa, kuma wai ya fi na ogansa tsawo da taƙi ɗaya. Na yi masa, na kuma yi dariya har da hawaye. A lokacin abin dariya nake ganinsa.

Akwatin gawa shi ne aikin da ba a koya wa mutum sai an ga ya natsu. Ba a yin sa da hira, ba a kunna rediyo, ba a sa mai gawa jira. Kuma a nan ba a zuwa da tef a auna mamaci. Mun ɗauko al'adar mutanen gari: sai a samo karan dawa miƙaƙƙe, a shimfiɗa shi kusa da mamacin, a yanke daidai tsawonsa. Karan nan shi ne awo. Shi za a kai wa masu haƙa kabari, shi za a kawo wa kafinta. In ka ga mutum ya nufo shagonka da kara a hannu yana tafiya a hankali, ka ajiye duk abin da kake yi ka miƙe tsaye, don ka san abin da ya kawo shi.

Baba Gado masunci ne, tungarsu tana hayin iyaka, cikin Benin, ba nisa sosai da Lolo. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga shagona. Ya tsufa a kan gargajiyar iyayensa. Wata mata mai sarin busasshen kifi a kasuwar Lolo, 'yar cocin bayan tasha, ita ta fara yi masa maganar Yesu, lokacin da wani gyambo ya hana shi shiga jirgi. Ta kawo shi wurin fastonsu aka yi masa addu'a, ta kuma kai shi aka wanke ciwon har ya warke. Amma su da Turanci suke sujada, tsoho kuwa ba ya ji. Sai ya gano namu cocin na bakin kasuwa, inda ake karatu da Hausa, kuma mu muka yi masa baftisma a gulbi. Tun daga nan, duk Lahadin da hanya ta yi kyau, ɗansa Noma zai goyo shi a babur. Da safe ya zauna wurinmu ya ji karatu, da hantsi ya taka zuwa bayan tasha ya sha ganga, yana rausaya da sandarsa.

Dattijo Bitrus, babban dattijon cocinmu, bai ji daɗin wannan ba, sai ya sa ni in yi wa tsohon magana tunda wurina yake hutawa. Na ce, "Baba, ya kamata ka tsaya wuri ɗaya, a san na wane ne kai."

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Ya ce, "Ɗana, nan gidan Yesu na, can ma gidan Yesu na. Ku duka ɗiyan gida guda na. Mi ad damuwa in na gaida wanga ɗaki na gaida wancan?"

Sai na koma kan katakona.

Noma shi ba ya shiga ko ɗaya. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, mai ƙarancin magana. Yakan zauna a inuwar shagona, kan wannan bencin da kuke kai, yana jiran uban ya gama. Da farko gaisuwa ce kawai tsakaninmu. A hankali ya fara tambaya in na fito daga sujada, wani lokaci tambayar da sai na je na tambayo. Wata rana ya ce mini, "Baba Ayuba, tsohon ga ya canza. Da can in ya yi hushi gida duka ba mai sakewa. Yanzu shi ka ba yara haƙuri." Ya ƙara da cewa, "Mun yi shawara da 'yan'uwana. In munka yi girbi za mu kahwa runhwa can gida. Ku ba mu mutum guda shi riƙa zuwa shina karanta muna, mu ji abin da tsoho yaj ji."

Ku fahimci abin da nake gaya muku. Tunga guda ce, da matanta da 'ya'yanta, ta aiko da bakinta tana cewa a zo. Shekara da shekaru muna kafa lasifika muna cika wa maƙwabta kunne, ba mu taɓa samun irin wannan gayyata ba. Na kai wa Dattijo Bitrus labari, ya ce kada in bari 'yan bayan tasha su ji. Ashe su ma sun ji, sun kuma ce kada mu ji.

Shekarar ce ruwa ya ci shinkafar Kaoje. Ba girbi, ba biki, ba mai zancen gado ko kujerar amarya. Hanyoyi suka yanke, motocin katako suka daina zuwa daga kudu, ɗan wanda ke gari kuma duk ya sha ruwa. Na koma gyaran ƙafar teburi da ƙotar fartanya. Bayan ruwa ya janye zazzaɓi ya biyo baya, shi ne ya kama Baba Gado. Noma ya kawo shi asibiti a nan, suka sauka a gidan wani mai masaukinsu, Musulmi, dillalin kifi, can ƙarshen gari. Ba a daɗe ba tsohon ya cika, da asuba. Kafin ya cika ya bar wa ɗansa wasiyya cewa a binne shi irin yadda masu bi suke binne nasu.

Da sassafe sai ga Dattijo Bitrus da kara a hannu. Tun daga tsawon karan na san ko na wane ne. Na shiga ciki na jawo busasshen maɗacin da na ɓoye don ƙofar ɗakina, don ban ga dalilin sa tsohon nan cikin jiƙaƙƙen katako ba. Na fara aunawa ke nan, sai ga Oga Emeka mai kayan babur, na hannun daman faston bayan tasha, shi ma da kara. Na karɓa na jera shi kusa da na farko a kan teburin aiki. Kai da kai, gindi da gindi, ko yankan wuƙar iri ɗaya ne.

Na ce, "Oga Emeka, wannan ai mutum ɗaya ne. Ga nasa nan ina yi."

Ya ce, "Wanda kake yi na cocinku ne. Baba Gado namu ne, a wurinmu ya ba da ransa ga Yesu. Ɗansa da kansa ya kawo mana karan nan."

Na ce ni dai hannu biyu gare ni, kuma ba na yi wa mutum ɗaya akwati biyu. Ya ɗauki karansa ya wuce wurin wani kafinta a bakin tasha. Na aika wa Dattijo Bitrus da saƙo, ya aiko cewa in yi aikina, mu ma ɗan ne ya kawo mana kara, kuma mu muka yi wa mamacin baftisma. Na ce a raina manya za su daidaita kafin rana ta ɗaga.

Akwatin dogon mutum yana da wuya, ku riƙe wannan. Za ka ƙara taƙi a kai, ka ƙara a ƙafa. Wurin kafaɗa sai ka tsattsaga katakon gefe daga ciki da zarto, rabi-rabi, kada ka ratsa, ka zuba masa ruwan zafi, sannan ya yarda ya lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Ƙasan kuwa sai ka gitta masa katako uku ko huɗu, ka buga ƙusa a karkace, don ba abin kunyar da ya kai gindin akwati ya buɗe a kafaɗar mutane. Na shimfiɗa farin yadi a ciki, na cusa dusar katako a wurin kai ta zama matashi. Ƙusoshin murfi kuma na kafa su rabi, don a wurin binnewa bugu ɗaya-ɗaya ya isa, kada iyalin mamaci su daɗe suna jin ƙarar guduma. Ban taɓa yin akwatin da ya kai wannan kyau ba.

Da hantsi na ɗora shi a kura na tura zuwa gidan dillalin. Ina shan kwana na hango wani akwatin a ƙofar gida, an shafe shi da farin fenti, ko bushewa bai yi ba. Matan zumuntarmu suna gefe ɗaya cikin ankonsu, matan bayan tasha suna ɗaya gefen cikin nasu. A tsakiya Dattijo Bitrus ne da faston, kowa da Littafi a hammata. Na ajiye nawa kusa da wancan, don ba wani wurin ajiyewa.

Ba zan maimaita muku duk abin da aka faɗa ba, don wasu maganganun ba su dace da bakin mai furfura ba. Faston ya ce cocinmu matacce ne, ba Ruhu a cikinsa. Dattijo Bitrus ya ce su kuma ɓarayin tumaki ne, ba su iya komai ba sai ihu. Aka koma kan wa ya fara, wa ya yi addu'a, wa ya sa shi a ruwa. Kowane ɓangare ya riga ya aika wa manyansa na birni labarin tsohon masuncin da ya tuba ta hannunsa, to yanzu wa zai yarda a ce wani ne ya binne shi? Matanmu suka ɗauki waƙa. Na can suka ɗauki tasu da ƙarfi don su danne ta. Namu suka ƙara murya. Waƙoƙin duka biyu na yabon Yesu ne, kuma ba ka jin kalma ɗaya a cikinsu.

Mutanen unguwa suka fara taruwa daga nesa. Su da in mutum ya rasu da asuba, kafin rana ta yi zafi sun sallace shi sun dawo. Na ga mai gidan ya shiga ya fito da kasko, ya zuba turaren wuta, ya kai ɗakin da gawar take, ya dawo ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya sake yin haka bayan an jima. Zafin ranar nan ba na wasa ba ne, kuma ƙudaje sun fara neman ƙofar ɗakin. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na tsuguna ina goge ƙurar da ba ta nan a jikin akwatina.

Noma yana zaune a bakin ƙofar ɗakin tun da na zo, shi da ƙannensa biyu da suka iso daga tunga. Sai da aka kira azahar, mutanen unguwa suka tafi masallaci suka dawo suka same mu inda suka bar mu, sannan ya miƙe. Bai je wurin faston ba, bai je wurin dattijon ba, wurina ya zo.

Ya ce, "Baba Ayuba, ku bar batun akwatin, ku sa shi cikin wanda kunka ga dama. Ina anka gina kushewar? Mu kai shi, ya hwara canzawa."

Na juya na dubi Dattijo Bitrus. Shi ya dubi faston. Waƙar ta mutu da kanta. Maƙabartarmu ɗaya ce a bayan gari, amma tuni an raba ta, kowane coci da ɓangarensa, kuma kowa yana jira a tabbatar gawar tasa ce kafin ya tura masu haƙa. Ba wanda ya sa ko fartanya a ƙasa.

Noma ya ga amsar a fuskokinmu. Ya ce, a hankali, ba faɗa, "Kara biyu ni yanke. Na ba waɗanga guda su yi akwati, na ba waɗancan guda su gina kushewa. Haka mu ka yi gida, a raba aiki shi yi sauri. Tsoho yac ce ku ɗiyan gida guda na." Ya ƙara da cewa, "Ashe bai sani ba."

Nan take kowa ya farka. Faston ya ce yanzu-yanzu zai tura samari, Dattijo Bitrus ya ce namu sun fi kusa, har aka so a fara sabuwar gardama a kan wa zai haƙa. Noma bai ƙara sauraron kowa ba. Ya roƙi mai gidan sabuwar tabarma, ya aika aka kira wata akori-kura mai ɗaukar kifi zuwa Lolo. Shi da ƙannensa suka naɗe uban, mai gidan ya kama musu, suka fito da shi ta tsakanin akwatunan nan biyu. Ƙafafun tsohon sun leƙo ta ƙarshen tabarmar saboda tsawonsa, sai Noma ya cire rawanin wuyansa ya rufe su. Da zai shiga mota ya ɗaga mana hannu ya ce mun gode, Allah shi bar zumunci.

Bayan 'yan watanni, da abin ya ishi kowa, muka shirya muka tafi tungar tare, mu da 'yan bayan tasha cikin mota ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba. Noma ya karɓe mu da mutunci. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa da tuwo da kifi, ya nuna mana inda suka sa tsohon daga nesa. Da aka taɓo maganar rumfa sai ya ce sai sun sake shawara. Shekaru ke nan ana wannan shawarar. Nakan haɗu da shi a kasuwar Lolo, mu gaisa sosai, ya tambayi iyali da aiki. Bai ƙara yi mini tambaya ko ɗaya a kan Yesu ba.

Amma bari in koma ranar, don ban gama ba. Da motar ta tafi, manyan suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Na bayan tasha suka tura nasu akwatin cikin wani kango suka ce za su aiko a ɗauka. Ni ba zan bar maɗacina a ƙofar gidan mutane ba, sai na mayar da shi kan kura na kama turawa. Hanya ɗaya ce ke komawa cikin gari, saboda haka matan nan duka, namu da nasu, suka biyo bayana a jere, anko biyu a gauraye, kowace kanta a sunkuye.

Muna shiga layin kasuwa sai mutane suka fara miƙewa, a zatonsu gawa muka ɗauko. Mai nama ya ajiye wuƙarsa, masu babur suka gangara gefe suka kashe inji, teloli suka tsayar da keke. A wurin da ruwa ya tara yashi kurar ta cije, na yi na yi ta ƙi motsi. Sai wani dattijo mai sayar da goro, Malam Shehu, wanda na yi wa teburin da yake kasa goronsa, ya taso ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. Muka ɗaga tare, kurar ta taso kamar ba komai, har ya yi tangaɗi.

Ya ce, "Wayyo, Ayuba, wanga bawan Allah ya sha jinya. Ba nauyi ko kaɗan." Ya waiwaya ya dubi matan da ke biye da mu, na wannan coci da na wancan, ya gyaɗa kai. "Allah shi ba ku haƙuri. Ku dai kuna riƙe da junanku, wanga abu na burge ni."

Bai saki kurar ba, sai da ya raka ni har ƙarshen layin, mutane suna ta miƙewa.